An ce in saka mai maganin gargajiya a shirina na kimiyya ko in rasa filin

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 26, na karanta maikurobayoloji a jami'a, wato ilimin ƙananan halittun da ido ba ya iya gani. Lokacin bautar ƙasa aka fara kai mu gidan rediyo muna wayar da kai kan kwalara, tun daga nan aikin ya shiga raina. Da na dawo gida sai na nemi wata tashar FM mai zaman kanta a garinmu, suka ba ni minti talatin duk Asabar ina gabatar da shirin kimiyya da lafiya. Yau shekara ɗaya da wata biyu ke nan. Babu albashi, sai ɗan kuɗin mota, yau a bayar gobe a manta. Amma ana sauraro, layin waya ba ya hutawa, har a gidan biki an taɓa gane muryata.

Makon jiya shugaban sashen kasuwanci ya kira ni ya ce an samu wanda zai ɗauki nauyin shirin. Wani mai maganin gargajiya ne, yana da babban shago da motoci masu lasifika. Sharaɗinsa shi ne a ba shi minti goma a cikin shirin a matsayin baƙo, ni in riƙa yi masa tambayoyi. Na saurari tallarsa. Cewa yake maganinsa na warkar da ciwon suga da ciwon ƙoda da taifot da sanyin mata, har yana cewa wanda ya fara sha zai iya ajiye na asibiti. An ce in na yarda za a ɗauke ni aiki da albashi, a riƙa ba ni kamasho. In na ƙi, za a sayar wa wani filin.

A gida kuma Abbanmu ya yi ta kai-kawo har ya samo mini aikin koyarwa a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati. Ya ce aikin rediyo surutu ne, kuma bai biya mini kuɗin karatu don in zama 'yar talla ba. Nan da mako biyu zan kai takarduna, in ba haka ba a ba wata. Umma ba ta ce komai ba, amma na san ta gaji da ba ni kuɗin adaidaita. Ina son aikin nan har cikin raina, ina ganin shi ne abin da na iya. In karɓi tayin tashar in riƙa gyara maganar mutumin a hankali, ko in haƙura da rediyo gaba ɗaya in bi zaɓin Abba?

Wa alaikumus salam 'yata. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma na lura ba ki tambaye ni ko maganin mutumin nan yana aiki ba. Wannan kin riga kin san amsarsa, ba a banza kika yi shekaru a ɗakin gwaje-gwaje ba. Abin da ke hana ki barci shi ne an ɗaure miki albashin da kika daɗe kina jira da hirar da zuciyarki ta ƙi, da igiya ɗaya, sai ga Abba kuma ya zo da nasa wa'adin. Zan fara da ɓangaren da ba ni da ko shakka a kansa.

Kada ki yi hirar nan a yadda aka tsara ta. Mutumin yana da motoci masu lasifika, yana da kuɗin da zai sayi minti goma a kowace tasha a garinku, amma ya nace sai a cikin shirinki, kuma sai da bakinki za a yi masa tambaya. Dalilin a fili yake. Wata goma sha huɗu kina gaya wa mutane gaskiya, har sun saba in kin ce a tafasa ruwa sai su tafasa. Wannan yardar yake son saye, kuma farashin da aka sa mata ya yi araha ƙwarai.

Ki kawo a ranki dattijo mai ciwon suga, rediyo na gefen tabarmarsa, ya gaji da sayen metformin duk wata ko da sokawa kansa allurar insulin. Ya ji wani yana cewa ga abin da zai raba shi da wahalar nan, ya kuma ji muryar malamar kimiyyar da ya amince da ita tana cewa "to malam, yaya ake shan sa?" Zai ajiye na asibitin. Suga ba ya yin ihu, a hankali yake cin jijiyoyi, sai bayan watanni a ga gyambo a ƙafa ya ƙi warkewa, ko ido ya dushe, ko a ce sai an fara wankin ƙoda. Mai ciwon ƙoda kuwa nasa ya fi sauri, domin ƙodar da ta riga ta raunana ita za a ɗora wa tace haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba balle awonsa. Taifot kin fi ni sani: bakteriya ce, in ba a kashe ta da maganin da ya dace ba tana iya huda hanji. Iyalan waɗannan mutane ba za su tuna sunan shugaban sashen kasuwanci ba, muryar da suka ji za su tuna.

Dabarar da kika kawo ta gyara maganarsa a hankali kuwa, na fahimci daga inda ta fito, amma ba za ta yi ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar farko da kika ce masa "malam, ina shaidar wannan?" kafin ki fito daga sutudiyo ya kira ofis, kuma shi ke biyan albashinki. Daga nan ko dai ki yi shiru ko a sallame ki, kin ga kin yi biyu babu. Akwai kuma doka. Dokar abinci da magunguna ta Najeriya ta hana tallata magani ga jama'a da da'awar yana warkar da wasu cututtuka da ta lissafa, kuma ciwon suga na cikinsu. Tallar magani sai da amincewar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. In ya nuna miki lambar hukumar a jikin kwalba, ki sani lambar da ake ba yawancin magungunan gargajiya shaida ce cewa an duba ba a ga guba a ciki ba, ba shaidar cewa suna warkarwa ba ce, shi ya sa ake rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance da'awar mai maganin ba. Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ma tana da hurumin hukunta tasha a kan irin wannan. Waɗannan hujjoji ne da za ki iya ajiyewa a teburin shugabanki ba tare da kin ɗaga murya ba.

Ina so ki san nauyin kujerar da kike zaune a kai, don a ƙasarmu maganar lafiya a rediyo tana da tarihi mai ɗaci. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a binciken da ya haɗa yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ba ne, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Tabon wannan yana cikin abin da ya sa a 2003 aka dakatar da riga-kafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa, Kano ba ta koma ba sai tsakiyar 2004 bayan an kawo allurar daga Indonesiya. Kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita, kuma sai a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta kuɓuta daga asalin ƙwayar cutar. Kina 'yar sakandare a 2014 lokacin Ebola, wataƙila ke ma an tashe ki da asuba an ce ki yi wanka da ruwan gishiri ki sha. Dare ɗaya saƙon ya zaga ƙasar nan ta waya, mutane suka kwanta asibiti, wasu suka rasa ransu. Mutanenmu ba wawaye ba ne, an taɓa cin amanarsu, kuma masu yi musu bayanin kimiyya da harshensu, da haƙuri, ba tare da raini ba, ba su da yawa. Ke kina cikin 'yan kaɗan ɗin nan.

Kar kuma ki ɗauka ina cewa ki mayar da maganin gargajiya abokin gaba. In kika yi haka rabin masu sauraronki za su kashe rediyo, kuma ba za ki kasance mai gaskiya ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu yau a asibiti asalinsa daga wata ciyawa ce dangin tazargade, wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta bi tsofaffin littattafan maganin ƙasarsu ta tato sinadarin, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. A nan gida cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta samar da maganin sikila mai suna Niprisan daga haɗin wani mai maganin gargajiya, a ciki har da kanumfari da masoro da ganyen dawa. Abin da ya raba waɗannan da kwalbar mai lasifika shi ne an gwada su, an auna, an rubuta sakamako inda wasu za su duba su ƙaryata in ƙarya ne. Wannan kansa shiri ne mai daɗi: yadda ganye ke zama magani. Kina iya gayyato mai maganin gargajiya na gaskiya, irin wanda ya san iyakarsa yake tura mutane asibiti, ki haɗa shi da malamin harhaɗa magunguna daga jami'a, ke kuma ki yi tambayar da kika ga dama. Sharaɗin kawai shi ne kada kuɗin baƙo ya shiga aljihunki.

Shi ma shugaban sashen kasuwanci a yi masa adalci. Ba lallai mugu ba ne. Tashar FM tana shan dizal kamar ruwa, ga albashin ma'aikata, ga kuɗin lasisi, kuma masu maganin gargajiya da 'yan siyasa su ne suka fi biya a kan lokaci. Shi minti talatin ɗin nan na Asabar kuɗi yake gani yana zubewa. Don haka kada ki je masa da wa'azi, ki je masa da mafita. Ki ce kin gode da aka ga shirin ya kai a saka masa kuɗi. Ki nuna masa haɗarin da tashar za ta shiga a wurin hukuma. Ki ce in tashar ta ga dama ta sayar wa mutumin lokaci a wani fili daban, wannan hukuncinsu ne, amma ba da muryarki ba, ba da sunan shirinki ba, kuma ba dab da shi ba yadda mai sauraro zai ɗauka abu ɗaya ne. Sannan ki nemi wata biyu ko uku ki kawo wani mai ɗaukar nauyi. Ki tafi da shaidar da za ta taimake ki: yawan kiran da ke shigowa, saƙonnin da aka turo, unguwanni da ƙauyukan da ake kira daga cikinsu. In ba ki taɓa rubuta waɗannan ba, ki fara ranar Asabar mai zuwa. Masu sayar da kayan sola, kamfanonin iri, makarantu masu zaman kansu, ƙungiyoyin da ke aikin lafiya da noma, duk suna neman kunnen irin mutanen da ke sauraron ki. Sai dai ƙa'idar ɗaya ce ga kowa, ko da babban kamfanin magani ne ko ƙungiyar Turawa: a faɗi sunan mai ɗaukar nauyi a farko da ƙarshe, amma ba shi zai zaɓi baƙo ko ya rubuta tambaya ba. Ki nemi a sa wannan a rubuce.

Ba zan ɓoye miki ba, yana yiwuwa ki yi duk wannan a ce a'a, a karɓe filin. Zai yi ciwo. Shi ya sa tun yau nake so ki tattara kwafin duk shirye-shiryen da kika gabatar ki adana a wurinki, tun kafin ki shiga ofishinsa, domin bayan an ɓata ba kowa ke samun ko sallama ba. Su ne jarinki.

Yanzu ga Abba. 'Yata, ke da shi kun fi kusa da juna fiye da yadda kike zato. Ya ce bai biya kuɗin karatunki don ki zama 'yar talla ba, ke kuma kin kasa barci don ana so a mayar da ke 'yar talla. Bai san da tayin nan ba, amma ya hango shi. Kuma a kan kuɗi yana da gaskiya: shekara guda da ɗoriya ba albashi ba ƙaramin abu ba ne, kuma wanda ba shi da na adaidaita shi ake iya yi wa irin tayin da aka yi miki. Da kina da albashi a wani wuri, da kin ce a'a tun a ofishin ba tare da kin rubuto mini ba. Shawarata ki kai takardunki ki karɓi koyarwar. Ba ina nufin ki haƙura da rediyo ba. Shirinki na Asabar ne, makaranta Litinin zuwa Juma'a. Albashin malami ba wani abin a zo a gani ba ne, wani lokaci ma ya yi jinkiri, amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Akwai kuma ribar da ba ki lissafa ba. Ajin 'yan mata sittin da rana tsaka, kowa na jin yunwa, ke kuma kina son su gane yadda jini ke zagaya jiki, babu makarantar koyon bayani da ta kai wannan. A rediyo ba kya ganin fuskar wanda kika ɓatar, a aji kuwa nan take za ki ga idon da ya yi nisa, ki sake misali. Tambayoyin da ɗalibanki za su yi miki a kan al'ada da ƙurajen fuska da man bilicin da abin da suka gani a TikTok sun ishe ki shiri na shekara. Kuma kar ki ga kamar kin makara ko kin kauce hanya. David Attenborough na Ingila, wanda duniya ta san muryarsa a shirye-shiryen namun daji, ilimin dabbobi da na duwatsu ya karanta a Cambridge, ya yi aiki a kamfanin ɗab'i yana gyara littattafan kimiyya na yara, ya nemi aikin rediyo a BBC a 1950 aka ƙi ɗaukarsa, sai a 1952 ya shiga ta ƙofar talabijin. Abu ɗaya kawai ki kula da shi: ma'aikacin gwamnati akwai ƙa'ida a kansa game da yin wata sana'ar a gefe, don haka ki sanar da shugabar makaranta tun farko, ki nemi izini a rubuce, musamman ranar da kuɗi ya fara shigowa ta rediyon.

Yadda za ki tunkari Abba kuwa, ki fara ta Umma. Shirun nan nata ba ƙi ba ne, wadda ta yi shekara tana cire kuɗin mota daga na cefane tana ba ki tana tare da ke, gajiya ce kawai. Ki gaya mata komai har da tayin mai maganin. Sannan ki sami Abba lokacin da hankalinsa ke kwance, ki fara da godiya da cewa kin karɓi aikin, don kai-kawon da ya yi ba ƙarami ba ne, kin san yadda samun takardar ɗaukar aiki yake a yau. Bayan nan ki ba shi labarin abin da aka nemi ki yi da amsar da kika bayar. Sai ki roƙe shi ya saurari shiri ɗaya, wanda kika fi alfahari da shi, ko da a wayarki ne. Ina kyautata zaton bai taɓa zama ya ji ki daga farko har ƙarshe ba. Kada ki nemi ya yaba, ki nemi ya bar miki Asabar ɗinki ya sa albarka. In ya ɗan ja, ki bar maganar ta kwana, ki nemi kawu ko gwaggon da yake jin maganarsu.

Tunda kin ce wannan ne abin da kika iya, bari in ɗan matsa miki, don gane murya a gidan biki daɗi ne da shi amma ba shi ne ƙwarewa ba. Digirinki ya koya miki kimiyya, bai koya miki jarida ba, kuma reshe ɗaya na kimiyyar ya koya miki. Babban tarkon irinku shi ne mutane su fara kiranki "Dakta" ke kuma ki ji kunyar gyarawa. Wata za ta kira ta ce ɗanta na zazzaɓi kwana uku, me za ta ba shi? Amsarki kullum ita ce a kai shi asibiti, ga alamomin da ke nuna kada a jira gari ya waye. Aikinki nemo wanda ya sani, yi masa tambayar da mai sauraro zai yi da a ce shi ke zaune a wurin, da hana shi ɓuya a bayan Turanci. In farfesa ya ce "bincike ya nuna", ki tambaye shi a kan mutane aka yi ko a kan ɓeraye, mutum nawa, wa ya biya kuɗin binciken, a ina aka wallafa. Yawancin labaran da ke yawo a WhatsApp cewa zogale ko tafarnuwa na kashe kaza da kaza, in kin bi sawu za ki tarar a kwanon gwaji aka gani ko a jikin ɓera, tsakanin nan da jikin mutum kuwa akwai tafiya.

Sai harshe, wanda a ganina nan ne za ki fi kowa amfani. Muna kiran bakteriya da bairos duka "ƙwayar cuta", shi ya sa mai mura ke zuwa kemis ya sayi maganin kashe bakteriya, ya sha kwana biyu ya ajiye, ƙwayoyin su koyi bijire wa maganin. "Sanyi" a bakin mata ya haɗa cututtuka da yawa da ba su da alaƙa da juna, kuma a cikin wannan duhun masu kwalabe ke cin kasuwarsu. "Shawara" tana iya zama ciwon hanta, tana iya zama ta jarirai, tana iya zama zazzaɓin shawara da sauro ke yaɗawa. Ki buɗe littafi na musamman kina rubuta kalmomin da kika gwada a iska, wadda aka gane da wadda ta rikita mutane, kina tuntuɓar malaman sashen Hausa da tsofaffin ma'aikatan rediyo. Nan da shekara biyar littafin nan zai fi takardar digirinki daraja a wurin masu ɗaukar aiki.

Ki kuma faɗaɗa shirin ya wuce asibiti. Manomi yana son ya ji hasashen damina da hukumar hasashen yanayi ta NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, da Hausar da zai san yaushe zai yi shuka. A Samaru ta Zariya cibiyar binciken aikin gona ta IAR ta fitar da irin waken SAMPEA 20-T a 2019, wanda aka sauya wa ƙwayar halitta don ya jure tsutsar da ke huda kwanson wake, kuma har yau ana muhawara a kan irin waɗannan iri, muhawarar da ke buƙatar mai kawo kowane ɓangare ba tare da zagi ba. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET da ke bin diddigin ruwan sama da fari a yankin Sahel. Ki tuna gubar dalma a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ana niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurar na sauka a inda yara ke rarrafe. Bayani ɗaya da aka yi da wuri a kan abin da ƙurar nan ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro aikin ɗan jaridar kimiyya ne.

Horo kuma yana nan, wani ma kyauta. Ƙungiyar 'yan jaridar kimiyya ta duniya, WFSJ, tana da darussa a intanet. Shafin SciDev.Net na wallafa labaran kimiyya na ƙasashe masu tasowa, ki riƙa karantawa kina lura da yadda suke gina labari. Ƙungiyoyin Dubawa da Africa Check suna koyar da tantance gaskiyar labari. In albashi ya fara shigowa, ki yi tunanin babbar difloma a aikin jarida, irin wadda ake yi a Jami'ar Bayero, ko gajeren kwas a makarantar horar da ma'aikatan rediyo ta Legas. Sassan Hausa na BBC da DW da RFI da TRT Afrika sukan nemi masu aiko da rahoto, kuma abin da za su fara tambaya shi ne su ji aikinki. Ki ba kanki shekara biyu kina koyarwa kina shirin. In a ƙarshensu rediyo ya fara biyan abin da zai riƙe ki ba tare da an sa miki sharaɗi a baki ba, sai ki koma wurin Abba da takarda a hannu, maganar za ta sha bamban da ta yau.

In kuwa an karɓe filin, akwai wasu tashoshin a garinku, har da na gwamnati da na jami'a, kuma wadda ta zo da shiri sittin a naɗe ba a ganinta kamar mai neman alfarma. Kafin a samu, wayarki da ɗaki mai labule da katifa sun isa naɗar minti biyar mai tsabta duk mako, ki tura ta WhatsApp da Facebook, masu kiranki na Asabar su za su fara yaɗawa.

Ranar Litinin ki kai takardunki ma'aikatar ilimi, kar ki bari wa'adin ya matso. Ranar Talata ki kwafe shirye-shiryenki, Laraba ki ga shugaban sashen kasuwanci. Asabar mai zuwa kuma, muddin filin na hannunki, ki gayyato likitan ciwon suga daga asibitin koyarwa mafi kusa da ku, ki tambaye shi abin da ke faruwa a jikin mutum mako ɗaya, wata ɗaya, shekara ɗaya bayan ya ajiye maganinsa. Ba sai kin ambaci sunan kowa ba. Ki rubuto mini yadda kuka yi da Abba, kuma ki gaishe mini da Umma.